Cocin Holy Cross da Birkilolin da Suka Dawo daga Birazil

A zaman kwamitin masallaci da muka yi bayan sallar Isha'i kwanakin baya, inda ake shawarar rushe tsohon masallacinmu na layi a tayar da bene a wurin, na ce kafin a ɗauki diga a sami mutum uku su je su dubi tsohon cocin Katolika da ke layin Catholic Mission a cikin Ikko. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Haba Liman! Ana maganar ɗakin Allah kai kuma kana kawo mana coci?" Aka yi dariya aka watse, ban samu na faɗi dalilina ba. Shi ya sa na roƙi masu wannan mujalla su ba ni fili.

Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan ina bin hanyar nan daga Obalende zuwa rumfata a Balogun. In gosulo ya yi yawa nakan sauka daga danfo in taka da ƙafa, in bi ta gaban City Hall, in wuce ta bakin cocin, in ratsa Campos. Sunansa Holy Cross, wato gicciye mai tsarki a wurinsu. Da farko gini ne kawai a idona, irin wanda mutum yake wucewa bai ɗaga kai ba. Wata Bayarabiya da ke sayen leshi a wurina, mai suna irin na Fotugis, ita ta fara ce mini kakannin kakanninta ne suka gina na farko, kuma a cikin danginsu har yau akwai Musulmi akwai Kirista. Daga nan na shiga tambaya da karance-karance, sai na tarar labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba Turawa ne suka kawo ɗariƙar Katolika Ikko ba. Sun zo ne suka tarar da ita. Waɗanda suka kawo ta baƙaƙen fata ne, bayin da aka kwashe daga wannan gaɓar teku aka kai Birazil, musamman jihar Bahiya da babban birninta Salbado, inda ake noman rake da taba. Wasu sun fanshi kansu da guminsu, wasu an kore su, suka hau jirgin ruwa suka dawo. Yarbawa suna kiransu Aguda, unguwarsu kuma Popo Aguda, wato kewayen Campos da layin Bamgbose da Kakawa da Tokunbo.

To ina Bahaushe a ciki? Yana nan tsakiya. Bayan an fara jihadin Shehu Usmanu a 1804, yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasar Hausa da Nufe da ƙasar Yarbawa, kuma duk wanda aka kama a fagen fama, ko daga wane ɓangare yake, yana iya ƙarewa a hannun fataken bayi. Da yawa an gangaro da su kudu har bakin teku, Ikko kuwa a lokacin babbar tashar lodin bayi ce. Hausawan da aka kai Bahiya ba su kwanta ba. A 1807 aka bankaɗo shirin tawayen da suka ƙulla, a 1809 da 1814 kuma aka yi tashin da Hausawa ke kan gaba. Mafi girma shi ne na watan Janairun 1835, a goman ƙarshe na Ramadan, wanda akasarin masu yinsa Yarbawa Musulmi ne tare da wasu Hausawa. Mutanen Birazil suna kiransu Male, daga kalmar Yarbanci imale, wato Musulmi. Sun fito cikin fararen riguna, da layu a wuya. Aka murƙushe su a dare ɗaya, aka tattara takardun da aka samu a jikinsu masu rubutun Larabci aka kai gaban alƙali a matsayin shaida. Wasu an harbe su, wasu an yi musu bulala, da yawa kuma aka tasa ƙeyarsu zuwa Afirka. Waɗannan takardu, addu'o'i da ayoyi irin waɗanda almajiri ke rubutawa, har yau suna ajiye a ɗakin adana tarihi na Bahiya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Dawowar ta ƙaru bayan 1851, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka tumɓuke Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye, sannan a 1861 Ingila ta karɓe garin daga hannun Sarki Dosunmu. Aka ci gaba da dawowa har bayan 1888 da Birazil ta haramta bauta. Jirgi ɗaya yakan sauke Kirista da Musulmi, duk suna jin Fotugis, duk sun saba da abinci iri ɗaya, sun zauna layi ɗaya, sun auri juna. Shi ya sa za ka ji Alhaji mai sunan Salvador ko Cardoso ko Martins. Lauya L. B. Agusto, wanda ake lissafawa a matsayin Musulmin farko da ya zama lauya a ƙasar nan, jinin Aguda ne.

Kiristocin cikinsu sun yi shekaru ba su da fada ko ɗaya. Wani dattijo da suke kira Pa Antonio, tsohon bawa da ya yi zama a Bahiya, shi ke tara su ranar Lahadi a ɗan ɗakin gora da jinka, ya ja musu addu'a, ya yi wa jarirai wankan shiga addini, ya raka gawa makabarta. Ba a naɗa shi komai ba. Ni da nake ɗan kasuwa, nake riƙe limanci don babu wanda zai riƙe, na san irin nauyin da wannan mutum ya ɗauka, na kuma san irin maganganun da ya sha.

Fada-fadan sun biyo baya. A 1856 wani bishop Bafaranshe, Marion Brésillac, ya kafa ƙungiyar mishan ta Afirka a birnin Liyon, wadda ake taƙaitawa SMA. Shi da kansa ya sauka Firitawun ta Saliyo a 1859, bai yi wata biyu ba ciwon shawara ya kashe shi da abokan tafiyarsa. Duk da haka wasu suka sake tasowa. Fada Francesco Borghero, mutumin Italiya, ya sauka Wida a ƙasar Dahomi a 1861, daga can ya riƙa leƙowa Ikko, ya tarar da jama'a a shirye suna jiran mai ja musu ibada. A 1868 Fada Pierre Bouche ya zo ya zauna, aka kafa mishan na dindindin. Makarantarsu ta farko da Fotugis ake koyarwa, sai daga baya Ingilishi ya ture shi.

Ɗakin gora ba zai ɗauki wannan jama'a ba. A ƙarshen shekarun 1870, zamanin Fada Jean-Baptiste Chausse, aka fara ginin jan bulo, aka buɗe shi a 1881. Chausse ɗin nan shi ya zama bishop a 1891, cocin ya tashi daga na unguwa ya zama mazaunin bishop. Amma hannuwan da suka ɗora bulo a kan bulo na Aguda ne. An riƙe sunayensu: Lazaro Borges da Silva, babban birkila, da Francisco Nobre wanda ake danganta masa aikin hasumiya, da kafinta Balthazar dos Reis da ya shahara wajen sassaƙa katako. Sana'ar da suka koya cikin bauta ita ta zama jarinsu. Su suka kawo wa Ikko gidan bene mai baranda ta ƙarfe, da ƙofa da taga masu baka a sama, da adon furanni da ake fitarwa da filasta a goshin gini. Gidan Candido da Rocha da ke layin Kakawa, wanda ake kira Water House saboda rijiyar da ake sayar da ruwanta, yana nan tsaye, mai son ganin irin aikin ya je ya gani.

Ga inda nake so dattijon nan namu ya saurara. Ku shiga layin Martins, tsakiyar kasuwa, ku tsaya gaban masallacin Shitta-Bey. Attajiri Muhammadu Shitta, haifaffen Saliyo, shi ya gina shi da kuɗinsa, aka buɗe a 1894. Gwamna Carter ya halarta, haka ma Abdullahi Quilliam, Baturen Libaful da ya musulunta, wanda ya zo da saƙon Sarkin Musulmin Turkiyya Abdulhamid na biyu, aka ba Shitta laƙabin Bey. Wa ya tsara ginin? João Baptista da Costa, Ba'agude, daga cikin jama'ar nan da suka gina Holy Cross. Ya kuma koyar da Musulmi, sananne a cikinsu Sanusi Aka, wanda ya ci gaba da gina masallatai. In ka dubi fuskar masallacin Shitta, da goshinsa mai tsini da 'yan tuluna a kan kusurwoyi, ta fi kama da gine-ginen Bahiya fiye da masallatan Masar ko na Makka. Na sha yin Azahar a cikinsa, ban taɓa jin wani malami ya ce sallar ba ta yi ba don magini ba Musulmi ba ne. Mu ma yanzu in za mu zuba dakin, ba ma tambayar addinin injiniya, ingancin rodinsa muke tambaya.

Ginin 1881 ɗin ba shi ne muke gani yau ba. Jama'a ta yi yawa, ya yi musu kaɗan. A lokacin kuma ragamar mishan ta koma hannun fada-fadan ƙasar Ailan, bishop ɗinsu Francis O'Rourke. Aka rushe na Aguda, aka aza harsashin sabo a 1934, aka gama shi cikin shekarun nan na 1930. A 1950 Ikko ta zama mazaunin babban bishop, Leo Taylor ya fara riƙewa, bayansa John Aggey ya zama baƙar fata na farko, sai Anthony Okogie da ya riƙe daga 1973 zuwa 2012, sai Alfred Martins na yanzu.

Sabon ginin an yi shi ne a salon da Turawa ke kira Gotik, irin na Faransa. Salon ya fara ne a kusa da Faris wajen 1140, a cocin Saint-Denis, kuma mafi shahara a cikinsa shi ne Notre-Dame da aka fara a 1163, wanda gobara ta ci rufinsa a 2019 aka sake buɗe shi a ƙarshen 2024. Na nemi izini wurin mai gadi wata ranar Talata da hantsi, ba lokacin ibadarsu ba, na shiga na tsaya daga baya na kalli aikin da idon mai son gini.

Sirrin salon duka yana cikin baka mai tsini. Duk wanda ya taɓa gini ya san matsalar rufi: yana danna bango ƙasa, yana kuma tura shi waje. In baka mai zagaye ce kamar rabin ƙwarya, turin wajen yana da ƙarfi, dole bango ya yi kauri, taga ta yi ƙanƙanta, ciki ya yi duhu. In aka ɗaga tsakiyar bakar ta yi tsini kamar an haɗa tafin hannu biyu, nauyin ya fi gangarowa ƙasa ta kan ginshiƙai. Ragowar turin kuma sai a tare shi da tokara, wato ƙafafun gini masu kauri da ake jerawa a jikin bango ta waje. Da zarar ginshiƙi da tokara sun ɗauke kaya, bango ya huta, sai a huda shi a sa dogayen tagogi, a cika su da gilashi mai launi. Shi ya sa in ka shiga, idonka sama yake tafiya ko ba ka so. A Turai haske suke nema da wannan dabara. A Ikko kuwa ribar da na gani ita ce iska: zafi yana hawa can sama, ƙasa ta yi sanyi, alhali a waje gumi nake yi sharkaf. Na tuna sabbin masallatanmu masu silin ɗin da dogon mutum zai taɓa da hannu, waɗanda in an ɗauke wuta ranar Juma'a sai ka tausaya wa sahun tsakiya.

Bakar nan mai tsini kuma ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, da aka gama a 879, da irinta aka jera shi, kusan shekara ɗari biyu da sittin kafin Saint-Denis. Masana suna ta muhawara a kan hanyar da ta bi ta shiga Turai. Mu ma muna da tamu. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajen shekarun 1830, ya ga bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara ana turo ta kaɗan kaɗan daga kowane gefe, ana ɗaure ta ana lulluɓe ta da ƙasa har ta haɗu a sama. Matsala ɗaya ce, yadda za a rufe fili mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Bafaranshe ya warware ta da dutse, Bazazzagi ya warware ta da giginya da laka.

Bambancin da ya fi fitowa fili tsakanin ɗakinsu da namu shi ne shimfiɗa. Coci dogo ne, ƙofa a wannan ƙarshe, teburin ibadarsu a wancan ƙarshe, hanya ta ratsa tsakiya, bencina hagu da dama, domin ibadar tasu akwai jerin gwano a cikinta, kuma kowa ido yake son zubawa gaba. Masallaci kuwa faɗi yake so, saboda falalar sahun farko da miƙewar sahu, kuma alƙibla ita ke juya ginin duka ko da layin unguwa ya karkace. Su ƙararrawa ke hawa hasumiya, mu ladan. Suna da siffofi da hotuna a bango, ciki har da guda goma sha huɗu da ke nuna abin da suka yi imani ya faru ranar gicciye. Wannan aƙidarsu ce, ba tamu ba, Alƙur'ani ya yi mana bayanin Annabi Isa, alaihis salam, kuma ban shiga don in yi jayayya da kowa ba. Mai ganin kamar liman bai kamata ya san hanyar wurin ba, ya duba Suratul Hajji aya ta 40, inda aka ambaci wuraren ibadar wasu tare da masallatai, ya kuma tuna yadda Sayyidina Umar ya bar wa Kiristocin Ƙudus cocinsu.

Yanzu bari in faɗi gaskiya ko da za ta kayar da ni. Tarihin Holy Cross bai goyi bayana ɗari bisa ɗari ba. Su ma da wuri ya yi musu kaɗan rushewa suka yi, kamar yadda masu son bene suke cewa mu yi. A ganina ma sun yi asara, domin sun ture aikin hannun 'ya'yan ƙasa, suka kafa kwafin na Faransa, duk da kyansa. Musulmin Ikko ma haka suka yi da tsohon babban masallacin Juma'a mai salon Aguda, aka rushe shi aka gina na yanzu da aka buɗe a 1988. Ilojo Bar da ke dandalin Tinubu, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an wayi gari ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, katafila ta mayar da shi fili. Da idona na ga ƙurar. Garin nan ba ya jin kunyar tsohon gini.

Amma ga abin da suka fi mu. Sun rushe bango, ba su rushe labari ba. Borghero ya bar littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, an buga shi. Akwai hotunan tsohon cocin. An san birkila, an san kafinta, an san shekara. Ƙa'idarsu ce kowane coci ya ajiye rajistar wanda aka yi wa wankan shiga addini da wanda aka ɗaura wa aure da wanda ya mutu, shi ya sa jikan jika zai zo ya nemi sunan kakansa ya samu. Har takardun 'yan uwanmu na Bahiya, waɗanda suka kama su ne suka adana, ba mu ba.

Mu fa? A 1863, daidai lokacin da Borghero ke zirga-zirga tsakanin Wida da Ikko, Gwamna Glover ya tara Hausawa, akasarinsu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Manya suna cewa zaman Hausawa a Obalende daga sojojin nan da iyalansu ya samo tushe, kuma sunan unguwar da Yarbanci yana nufin sarki ne ya koro ni nan. Ashe zamanmu a garin nan sa'an cocin ne. Waɗannan mutane sun yi salla, sun yi liman, sun yi ladan, sun haƙa rijiyar alwala. A zaman kwamitin nan na tambaya wa ya gina masallacin da muke son rushewa, a wace shekara, wa ya ba da filin, limamai nawa suka gabace ni. Mutum goma sha ɗaya muke, aka ba ni amsa iri huɗu, biyu ma har suka so su yi cacar baki a kan kakan wa ya fi tsufa a layin. Ni kaina limamai uku kawai na iya lissafawa. Takardar filin kuwa, kowa ya ce tana wurin wane, wanen kuma ya rasu, 'ya'yansa sun koma gida. A Ikko, inda ake sayar da fili ɗaya wa mutum uku, wannan ba wasa ba ne.

Ba na cewa kada a yi bene. Ranar Juma'a yara suna salla a kan kwata, damina kuma ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, na fi kowa sani tunda ni nake naɗe tabarmi. Abin da nake roƙo kafin a taɓa bango ɗaya shi ne a ba mu wata biyu. A sami yaranmu masu waya su ɗauki hoton ko'ina, ciki da waje, a auna tsawo da faɗi a rubuta. A zauna da dattawan da suka haura saba'in, maza da mata, ɗaya bayan ɗaya ba a taro ba, a naɗi muryarsu. A nemo takardar filin, in ta ɓata a bi hanyar sabunta ta. Tsohuwar ƙofar katakon nan mai ƙusoshi da allon da ke saman mihirabi a cire su a hankali a mayar a sabon gini, kada su tafi wurin 'yan gwangwan. Injiniyan kuma a ce masa ya ɗaga silin ya buɗe tagogi ta ɓangare biyu.

Na sayi babban littafi mai bangon kwali, irin wanda muke rubuta bashi a kasuwa, na ajiye shi a cikin akwatin mumbari. Shafin farko na rubuta sunayen limamai ukun da na sani, na bar layuka a sama. Duk mai tsohon hoto, ko wasiƙa, ko rasit, ko wanda ya ji wani abu daga bakin mahaifinsa, ya same ni bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i. Baba da ya yi mini tsiya a wurin taro, da kai zan fara, domin an ce mahaifinka ya yi ladanci a nan. In ka yarda, ranar Talata mai zuwa ni zan biya kuɗin mota, mu bi ta layin Catholic Mission ka ga tokarar nan daga waje, mu ƙarasa layin Martins mu yi Azahar a masallacin Shitta.